Jan Dutsen Mma Hajo

Samarin da ke zama a bakin rumfata yanzu suna ganin sana'ar dutse ba ta wuce zura zare a rami ba. Kwanan baya ɗayansu ya ce mini, "Baba Garba, wannan ai ko makaho ya yi." Na miƙa masa ƙwayoyi a faifai da zare, na ce ya shirya mini abin wuya guda. Ya shirya, ya ɗaga, sai abin ya tsaya a karkace kamar ƙugiya, zare yana leƙowa tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta. Abokansa sun faɗa masa abin da ya dace.

Dutse muke cewa, ko da kuwa gilashi ne. Na ainihi, wanda aka haƙo daga ƙasa, kaɗan ne, kuma a wuyan masu hali kawai ake ganinsa. Abin da ya cika kasuwar Kumasi a zamaninmu gilashi ne da ake kawowa daga Turai. Idan kana shakka, ka buga ƙwayar a haƙorinka na gaba. Dutse yana da sanyi da nauyi, amonsa a dushe yake. Gilashi yakan yi 'yar ƙara.

Wurin kawuna na koya, Baba Tanko, wanda ya biyo fataken goro daga Katsina ya zauna a Zongo, unguwar Hausawa a Kumasi. Rumfarsa tana layin 'yan koli a babbar kasuwa, ta gefen tashar mota ta Kejetia, kuma ita ce na gada. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: dutsen wasawa mai kwari a tsakiya saboda daɗewa, wayoyin tsohuwar lema, ƙwaryar ruwa, yashi mai laushi a gwangwani, zaren auduga, zaren ganyen abarba, da dunƙulen kakin zuma da ya yi baƙi don hannu. Sai faifai da ake zuba ƙwayoyi, da farin ƙyalle da ake shimfiɗawa idan za a gwada launi.

Aikin farko da ya ba ni shi ne wasa baki. Ƙwaya takan zo daga Turai da baki mai kaifi ko mai tudu. Idan ka shirya ta haka, ba za ta zauna da maƙwabciyarta ba, kuma za ta ci zare. Sai ka soke ta a kan wayar lema, ka danne da babban yatsa, ka goga bakin a kan dutse da ruwa da yashi, ka juya, ka goga ɗaya bakin. Ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Fatar yatsa takan ƙare kafin ƙwayoyin su ƙare. Idan na gama na shirya, Baba Tanko ba ya dubawa. Rufe ido yake yi, ya ja abin wuyan ta tsakanin yatsunsa. Inda farcensa ya tsaya, nan zai yanke zaren, komai ya zube a faifai.

"Mace ba da ido take sanin abin wuya ba," in ji shi. "Da fatar wuya take sani."

Zare ma karatu ne. Na ƙugu daban, domin yana shan gumi da ruwan wanka, sai zaren abarba da aka murza aka shafe da kaki. Na jariri ana barin masa wuri, don yaron Asante da dutsen ƙugu ake gane yana ƙiba ko yana rama. Na carbi ana sassauta shi kaɗan yadda ƙwaya za ta gudu ta buga 'yar'uwarta, malami ya ji da kunne. Wanda ya ɗaure carbi tamau bai taɓa ja ba.

Masu saye kuwa kowa da launinsa. Matan Asante suna son rawaya da kore mai zane, kuma ba sa saye su kaɗai, sai da ƙanwa ko 'ya da za ta kushe. Leburorin gonakin koko, Mosawa da Farafara, sukan zo ƙarshen kaka kafin su hau motar gida, su sayi fari da shuɗi da yawa, ba sa zaɓe. Matan Zongo ja suke so. Kuma a cikin ja akwai sarki, wanda muke kira garwashi. Tsawonsa kamar ƙwallon dabino, an fafe masa fuskoki kewaye. A inuwa ja ne mai duhu, kusan baƙi. Idan ka ɗaga shi a rana sai ka ga wuta a can cikinsa. A kantunan Turawa da na Kwarori a unguwar Adum muke saro shi, a ƙunshe cikin takarda mai kauri. Duk dutsen Jamus muke ce masa. Babu wanda ya taɓa tambayar ko wane gari ne, ko wane ne ya yi.

Aikin da na fi daɗewa a kansa abin wuya ne guda ɗaya, na Mma Hajo mai koko. Tukunyarta tana bakin layinmu, kowa a nan yake karyawa. Mutuniyar Dogon Dutsi ce, can ƙasar Faransi, wato Nijar ta yanzu. Aurenta na fari ya mutu a gida, dangin miji suka riƙe 'yarta Rabi tana ƙarama. Ta auri wani bafataken goro, ya kawo ta Kumasi, ya rasu, ta zauna. Ba ta sake haihuwa ba, ba ta kuma koma ba. Mutane da yawa a Zongo haka suke: kowa yana jiran ranar da zai koma da abin nunawa a hannu.

Abin nunawar Mma Hajo garwashi ne. Tun Baba Tanko yana raye ta fara, ƙwaya ɗaya ko biyu duk lokacin da ciniki ya yi kyau.

"Tanko, ɓarawon tsakar rana," takan ce, "fito mini da na ƙasan akwatin, ba wanda kake yaudarar Asantawa da shi ba."

"Hajo, da bakinki koko ne, da kin sayi mota."

Ta zaɓa, ni in wasa baki, in ƙara a zaren, ta naɗe a ƙyalle ta cusa a ɗan tofinta. Ta faɗa mana tun farko abin da take nufi. A danginsu, idan 'ya ta yi haihuwar fari, uwa takan ba ta abin wuya. Sharaɗinsa ɗaya ne: ya zama rufaffe, ba maɗauri, ba ƙugiya, kuma ya wuce ta kai ko da ɗankwali a ɗaure. Wanda ya gaza haka na 'yan mata ne, irin wanda kowa ke saye a kasuwa. Uwar da ta aika gajere ta hannun ɗan aike ta faɗa wa duniya iyakar darajar 'yarta a wurinta.

Yaƙin Hitila ya tsayar da kaya. Muka ci abin da ya rage a kantuna, sannan abin da ya rage a akwatunanmu. Baba Tanko ya rasu bai ga jirgi ya sake kawo dutse ba. Da aka gama yaƙi muka yi ta jira, kaya suka fara dawowa kaɗan-kaɗan cikin sabuwar takarda. Shuɗi lafiya, fari lafiya, kore ba laifi. Aka daɗe ba a ga garwashi ba. Sai 'yan shekaru kafin 'yancin kai labari ya zo cewa ya iso Adum. Duk layinmu muka tafi, kowa ya saro iyakar ƙarfinsa, ko buɗe ƙunshin ba mu yi da kyau ba.

A rumfa, a kan farin ƙyalle, muka ga abin da muka sayo. Tsawon daidai, fuskokin daidai. Amma jan na tumatir ne, mai haske a sama, babu komai a ciki. Ka ɗaga shi a rana, yadda yake a inuwa haka yake. Matan Zongo suka zo, suka ɗaga, suka ajiye. Wannan ita ce shekarar da tsofaffin layin suke kira shekarar jan tumatir. Wasu suka koma sayar da kwaɗon ƙofa da madubi da mataji. Maƙwabcina ya rufe rumfa ya tafi aikin ma'adinai a Obuasi. Ni da gyaran tsofaffin abin wuya na riƙe gida, da carbi, da dutsen jarirai, domin Asantawa ba su daina haihuwa ba.

A cikin wannan shekarar ne Isaka direba ya dawo daga arewa da labari. Motar goro yake ja, yakan kai har ƙasar Faransi. Ya tsaya a gaban tukunyar koko ya ce, "Mma, albishirinki. Rabi ta sauka, mace. Na ga mijin da idona a tashar Doso."

Ba ta yi guɗa ba. Ta ajiye ludayi, ta zo rumfata, ta kwance ƙyallen.

"Garba na Tanko, auna."

Na auna a kanta, da ɗankwalinta. Saura faɗin tafin hannu.

"Isaka zai sake lodi kafin ruwa ya ɓata hanya," ta ce. "Bayan shi babu mota sai bayan damina. Ba na so a yaye yarinyar nan kafin uwarta ta ga abin da na tara. Ka cika mini shi."

Na fara da gidajen da na san Baba Tanko ya sayar wa. Akwai wata dattijuwa a Asante New Town, Mame Akosuwa, da ta sayi garwashi da yawa kafin yaƙi. Ta sa aka kawo mini kujera da ruwa, ta ji bayanina har ƙarshe, ta shiga ɗaki ta fito da shi a cikin tasa. Wuta kwance a cikinsa kamar ranar da aka sayar.

"Kramo," ta ce, haka suke kiran Musulmi, "ka gani? Ka gani da kyau? To, mayar da idonka aljihu. Rabinsa ya bi uwata kabari. Rabin nan ba nawa ba ne, na 'ya'yan 'yan'uwana mata ne da waɗanda za su haifa. In na sayar maka, me zan ce wa matattu?"

Daidai ta faɗa. Na tafi Koforiduwa ranar kasuwar dutse, na bi tabarmi ɗaya bayan ɗaya, na wuce har ƙasar Krobo, inda su ma suke sana'ar dutse. Na dawo da 'yan ƙwayoyi, ɗaya ma da tsaga. Na wasa su na ƙara. Saura faɗin yatsu huɗu.

Akwai dabara a sana'ar nan da kowa ya sani. Ana dafa sabon dutse a tukunyar ƙasa da ƙaiƙayi da ɓawon kwakwar manja, a rufe, wuta kaɗan-kaɗan. Hasken saman yakan mutu, launin ya yi duhu, sannan a goge da toka. Ba haramun ba ne idan mai saye ya sani. Na gwada da jan tumatir, ya fito kusa ƙwarai. Na kai mata a kan farin ƙyalle, tsohon a dama, dafaffen a hagu, na gaya mata gaskiyar kowanne.

"A bayan wuya za su zauna, Mma, ƙarƙashin mayafi. Daga nesa da taku ɗaya babu mai ganewa."

Ta ɗauki dafaffen ta ɗaga a rana, ta daɗe, ta mayar.

"Ranar da na bar Dogon Dutsi," ta ce, "Rabi ta riƙe mini zane. Na ce mata kasuwa za ni, yanzu zan dawo, me zan sayo mata. Ta sake ni. Ƙarya ɗaya ke nan. Ba zan aika mata ta biyu ba."

Na kwashe dafaffun na zuba a gwangwani.

Akwai wani Bature da yake aiki a kantin takalma a Adum, mai gyara da gwada wa mutane. Yosef ne sunansa, 'yan Zongo suka mayar da shi Masta Yusufu. Ba irin Turawan mulki ba ne, a ƙafa yake yawo, kuma ya koyi Hausa wurin masu gadi, Hausar da ba ta raba mace da namiji. Yakan zo layinmu ranar Asabar, ya tsuguna gaban faifai, ya ɗauki ƙwaya ya leƙa raminta, ya shafa gefenta da farce, ya ajiye. Bai taɓa saye ba. Mun ɗauka taɓin hankali ne irin na wanda ya daɗe a rana. Wata rana ya ce mini a garinsu ake yin su. Ban riƙe maganar ba sai da na rasa inda zan nufa.

Mma Hajo ta ce ƙafarta ƙafata. Muka shiga kantin da hantsi, ita ba takalmi. Yaran kantin suka fara murmushi.

"Ku yi ta dariya," ta ce. "Da kowa irina ne, da yunwa ta kashe ku."

Masta Yusufu ya kai mu bayan kanti, inda teburin gyaransa yake. Na kwance ƙyallen, na ce muna so ya rubuta wa mutanensa su aiko mana irin wannan, ko nawa ne, ko a jirgin sama. Ya ɗauki abin wuyan ya je bakin taga. Ya duba shi a haske, ya dawo. Igiyoyin takalmi ya ɗauko ya shimfiɗa a kan tebur, ya jera ƙafafun katakon da ake ɗora takalmi a kai ta sama da su.

"Wannan duwatsu," ya ce. "Wannan ruwa."

Abin da ya gaya mana ranar, da wanda ya ƙara mini daga baya, shi ne duk abin da na sani game da inda abincina ya fito. Ba Jamus ba ce. Gunduma ce guda a arewacin ƙasar Cek, kusa da iyakar Polan, ba ta da girma. Ta arewa tsaunuka ne da daji, itatuwa dogaye masu ganye kamar allura. Ya ce in tuna hawan dutsen Mampon na hanyarmu ta arewa, amma in ɗauka yana biye da wani, wani yana biye da wani, kuma ƙanƙara tana rufe su kusan rabin shekara. Rafuka suna gangarowa ta kwaruruka masu zurfi. Kowane kwari da garinsa, kuma garuruwan sirara ne dogaye, suna bin ruwa, don babu filin da za su yi faɗi.

Ya ɗora yatsa a saman igiya ɗaya. Nan Desna take, inda manyan tanderu suke dafa gilashi, a ja shi sanduna kamar rake. Ƙasa da ita, inda igiyoyi biyu suka haɗu, Tanbal ce, garin masaƙun auduga, daga nan jirgin ƙasa mai haƙori yake hawa dutse. Ta yamma a kan wani kogin daban, Yablonets, babban garin gundumar, inda attajirai masu aika kaya ƙasashen waje suka gina manyan gidaje. Su ne suka san abin da matar Kumasi take so da abin da matar Makka take so, ba tare da sun taɓa ganin ko ɗaya ba. Can kudu, inda ƙasa ta ɗan kwanta a bakin kogin Yizera, Zelezni Brod, kusa da ƙauyensu. Mutanen kudu harshen Cek suke yi. Na kan tudu Jamusanci.

"Me kuke nomawa?" Mma Hajo ta tambaya.

"Dankali. Hatsin doki. Ƙasa duk dutse, ba ya ba da abinci."

"Irin tamu ke nan. Shi ya kore mu."

"Mu bai kore mu ba, Mama. Akwai itace, akwai ruwa. Sai muka yi wannan."

Ya ce a bayan gidaje da yawa akwai 'yar bukka ta dutse mai dogon bututun hayaƙi, nesa da gida saboda gobara. Maigida yana zaune a ciki gaban wuta, ya sa kan sandar gilashi har ta yi laushi, ya matse da awartaki mai siffar ƙwaya a bakinsa, wata allura ta huda ramin a lokaci guda. Daga nan a kai wa masu wasawa a bakin rafi, inda ruwa ke juya babbar ƙafar katako, ita kuma ta juya duwatsun. Su ne suke fafe fuskoki, kuma ciwon ƙirji ne yake kashe su da wuri. Sai a rarraba wa mata a gidaje su shirya a zare, musamman lokacin sanyi da ba a fita.

"Uwana yana yi irin aikinka," ya ce mini. "Bakin taga, faifai, allura. Ni ina ƙarami ina tsince wanda ya faɗi."

Na ce to, ai abin ya zo da sauƙi, sai ya gaya mata.

Ya girgiza kai. Ya ce wannan jan ba na kudu ba ne, na mutanen kan tudu ne, masu Jamusanci. Bayan yaƙi aka tara su aka zuba a jirgin ƙasa, kowa da abin da zai iya ɗauka, aka fitar da su daga ƙasar. Bukkokin suna nan tsaye, babu hayaƙi. Abin da ya rage gwamnati ta haɗa ta karɓa. Ya ji wasu sun kafa sabon gari a Jamus sun sa masa sunan tsohon, suna ta aiki. Amma wanda yake dafa wannan launin, bai san ko ya kai can ba. An ce har da ɗan zinariya ake zubawa a tukunyar, amma nawa, da wane lokaci, da wace irin wuta, uba ne yake faɗa wa ɗa.

"Ba zai sake zuwa ba," ya ce. "Wanda yake hannunka, shi ke nan a duniya."

Mma Hajo ta naɗe abin wuyan a hankali. Na zaci za ta miƙe. Sai ta dube shi.

"Tsohuwar taka tana da rai?"

"Yana da rai. Ido ya tafi."

"Kai kaɗai ne namiji?"

"Ni kaɗai."

"To, uban me kake yi a nan kana shafa ƙafafun mutane?"

Ya yi 'yar dariya. Ya ce tun kafin yaƙi kamfani ya turo shi. Yana nan gwamnati ta sauya a gida, aka sa waya da sojoji a iyaka. Irinsa da suka zauna a waje ba a yarda da su. Wataƙila ba za a bar shi ya shiga ba. In an bar shi, ba zai sake fita ba, kuma ba lalle a gidan uwarsa zai kwana ba.

"Ko gaisuwa?"

"Gaisuwa yana zuwa. Ana buɗewa a hanya. Sai mu ce lafiya, lafiya."

Muka yi sallama muka fito. A hanya ko mai talla ɗaya ba ta tsokana ba, ita da ba ta wuce su haka nan.

Washegari babu koko a bakin layi. Da azahar ta zo rumfa, ta ajiye ƙyallen a gabana.

"Rufe shi."

"Bai kai ba, Mma. Kin ce gajere ba a ba ɗan aike."

"Ba a ba shi. Rufe shi da tsawonsa, yadda zai wuce kai. Inda babu dutse ka bar zare."

"Tsirara?"

"Tsirara. In ta gani za ta tambaya. In ta tambaya, ina wurin."

Wannan aiki ban taɓa yin irinsa ba, ban kuma sake ba. Abin wuya ƙwayoyinsa ne suke riƙe juna. Idan ka bar fili, duk za su zame su taru wuri guda, su ci zaren. Sai na warware shi gaba ɗaya, na murza sabon zare ninki huɗu, na shafe da kaki har ya yi santsi. Na mayar da ƙwayoyin yadda ta saye su, na farko na zamanin Baba Tanko a tsakiyar ƙirji, na Krobo a gefe. Bayan ƙwayar ƙarshe ta kowane gefe na yi ƙulli mai kauri da ba zai shige rami ba. Faɗin yatsu huɗun da ya rage na kitsa shi kitso, don kada ya yanki wuya. Na rufe ido na ja shi ta tsakanin yatsuna. Farce bai tsaya ko'ina ba sai a kitson. Ta sa shi ta kan ɗankwali, ya wuce, ta cire.

Tukunya da ludayi ta bar wa wata yarinyar gidansu. Ɗakin ta mayar wa mai gida. Mutanen layi suka ce ai bayan damina za ta dawo, wanda ya sha ruwan Kumasi ba ya zama a arewa. Ba ta musa musu ba.

Ranar tafiya mun raka ta Kejetia da safe. An gama lodin goro, huhu a kan huhu, an yayyafa ruwa, fasinja suna hawa can sama. Isaka ya ba ta gaba, kusa da shi. Abin wuyan yana ɗaure a jikinta, ƙarƙashin zane. Ina cikin taya ta ɗora ƙunshinta na ga Masta Yusufu yana ratsowa tsakanin 'yan kaya, da rigar aikinsa. Ban san wanda ya gaya masa ba.

"Bature," ta ce daga cikin mota, "ka zo ka ga ko na sayi takalmi?"

"Ka gaida yaro, Mama."

"Yarinya ce. Allah ya buɗe maka taka hanyar."

Isaka ya tayar, yaran mota suka cire katako daga ƙarƙashin taya, motar ta fita tana rangaji ta nufi hanyar Mampon. Mma Hajo ba ta dawo Kumasi ba. Isaka ya ce mini daga baya ya sauke ta a ƙofar gidan, wata mace ta fito da goyo, shi kuma yana da goron da zai kai kafin ya bushe, bai tsaya ba.

Amma a ranar, bayan motar ta ɓace, mu biyu muka rage a tsaye. Masta Yusufu ya tambaye ni ta ina za su bi. Na lissafa masa: Ejura, Atebubu, sai jiran jirgin fito a Yeji, Salaga, Tamale, Bawku, sannan ƙasar Faransi, ga yashi, ga gadojin da ruwa kan cinye, ga 'yan kwastan. Na ce tafiya ce mai wuya, tsohuwa za ta ji jiki.

"Amma hanya a buɗe?" ya ce.

"A buɗe take."

"Duk wanda ya so, ya hau mota, ya tafi?"

"In yana da kuɗin mota."

Ya tsaya yana kallon inda motar ta bi.

"To, kusa ne," ya ce.